Haske Mai Kashe Ido: Yadda Ake Zaɓen Tabarau Domin Kallon Sararin Sama

Gabatarwa

Duk wanda aikinsa ko wasansa ke tilasta masa ɗaga kai sama da rana tsaka ya san abin da ake nufi da haske mai kashe ido. Yaron da ke tsaron gonar shinkafa ko ta dawa a fadamun Gwaram, yana hangen garken tsuntsun jan-baki tun daga nesa, ya san shi. Ɗalibin da ya harhaɗa ɗan ƙaramin jirgin sama wanda ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo, da mai ɗaukar hoton biki da jirgi maras matuƙi, su ma sun san shi. Haka nan masunci a bakin Kogin Kiyako, da direban da ya tashi daga Birnin Kudu da sassafe ya nufi Gwaram, rana tana dukan fuskarsa.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane sukan nemi mafita a wurin mai tallar tabarau a tasha ko a kasuwa, su zaɓi wanda ya fi baƙi, su biya, su wuce. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa baƙin gilashi ba shi ne ma'aunin kyawunsa ba, a kuma bayyana abubuwan da ya kamata a duba, da dalilin kowannensu. Za mu riƙa komawa ga misalin mai sarrafa ƙaramin jirgi, domin aikinsa ya tattara dukkan matsalolin wuri guda: yana bin ƙaramin abu mai gudu da ido, a cikin sarari mai tsananin haske, na tsawon lokaci.

Yadda ido ke karɓar haske

Tun tsakanin shekarun 1011 da 1021 Miladiyya, masanin nan Ibn al-Haisam ya rubuta littafinsa Kitab al-Manazir a Alƙahira, inda ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shiga ido daga waje. Ɗaya daga cikin hujjojinsa shi ne zafin da mutum ke ji idan ya kalli rana, da tabon hasken da ke ci gaba da yi masa gizo bayan ya kawar da kai.

Haske yakan fara ratsa wata fata garai-garai da ke gaban ido, wadda masana ke kira koniya, mu kuma za mu kira ta tagar ido. Daga nan sai ya bi ta ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido, wato ƙofar haske, ya ratsa madubin ido, wanda ke tattara shi ya sauke a kan wata shimfiɗa ta jijiyoyi da ke can bayan ido, mai suna retina. A cikin wannan shimfiɗa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu karɓar haske. Iri na farko sun haura miliyan 90, su ne ke aiki a cikin duhu-duhu. Iri na biyu kimanin miliyan 5 ne, su ke bambanta launi da ƙananan abubuwa, kuma sun fi cunkushewa a wani ɗan gurbi na tsakiya, wanda za mu kira cibiyar gani.

Ƙofar haske tana tsukewa zuwa kimanin milimita 2 a cikin rana, ta buɗe har kusan milimita 8 a cikin duhu. Da yake faɗin ya ninka sau 4, girman filin ƙofar ya ninka sau 16 ke nan. Wannan shi ne iyakar abin da ƙofar za ta iya yi. Hasken rana kuwa ya fi na cikakken wata kimanin sau 400,000. Sauran aikin daidaitawa ƙwayoyin retina ne ke yin sa, ta hanyar wani sinadari da jiki ke haɗawa daga bitamin A, wanda haske ke kassarawa, jiki kuma ya sake gina shi. Rashin wannan bitamin ne ke kawo dundumi. Idan haske mai ƙarfi ya faɗa wa cibiyar gani farat ɗaya, sai sinadarin wurin ya ƙare na ɗan lokaci, mutum ya ga tabo a duk inda ya duba.

Ga lissafin da zai nuna muhimmancin wannan. A ce fiffiken jirgin gwaji yana da tsawon mita 1, jirgin kuma yana nisan mita 200. A idon mai sarrafa shi, tsawon nan bai kai kashi ɗaya cikin uku na digiri ba, alhali faifan rana da kansa rabin digiri ne. Ashe tabon da rana za ta bari a ido ya isa ya rufe jirgin ɗungurungum. In kuwa jirgin yana gudun mita 15 a daƙiƙa, tabon kuma ya ɗauki daƙiƙa 5 kafin ya washe, to jirgin ya yi tafiyar mita 75 ba tare da mai shi ya san inda ya dosa ba.

Hasken da ido ba ya gani

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, ana kuma auna tsawon zangonsa da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin kimanin nanomita 400 da 700. Ƙasa da 400 akwai hasken da ake kira ultrabayolet, wanda ake taƙaitawa da UV, an kuma kasa shi gida uku. Nau'in C, daga 100 zuwa 280, iskar ozon da sauran iskar sama suna tare shi kafin ya iso ƙasa. Nau'in B, daga 280 zuwa 315, kaɗan daga cikinsa ke isowa, amma yana da lahani ƙwarai. Nau'in A, daga 315 zuwa 400, mafi yawansa yana isowa.

Birnin Kudu da Gwaram suna kan digiri 11 da ɗan ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da kuma wajen 23 ga Agusta, rana takan tsaya cak a tsakar ka da tsakar rana, har inuwar sanda ta kusa ɓacewa. Idan rana ta yi sama haka, haskenta gajeriyar hanya yake bi a cikin iska, don haka kaɗan ne ke tacewa daga cikin UV. Gajimare mara kauri ba ya hana shi wucewa. Ƙasa ma tana mayar da wani kaso sama: busasshen rairayi yana mayar da kimanin kashi 15 cikin 100, ciyawa da ƙasar noma kuwa ƙasa da kashi 10.

Lahanin UV ga ido iri uku ne. Na farko shi ne ƙunar tagar ido, wadda masu walda suka fi kowa sani: bayan 'yan sa'o'i ido ya yi ja, hawaye su yi ta zuba, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Yawanci takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne wata tsoka da ke tsirowa daga farin ido, galibi ta gefen hanci, tana rarrafawa zuwa kan baƙin ido. Ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da ƙura, da kuma tsakanin masu aiki a fili. Wani likitan ido na ƙasar Ostareliya, Minas Coroneo, ya nuna cewa hasken da ke shigowa ta gefen kunne yakan ratsa tagar ido ya tattaru a gefen hanci, daidai inda tsokar ke tsirowa. Na uku shi ne yanar ido, wato dushewar madubin ido. Tsufa ne babban sanadinta, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na makantar da yanar ido ke jawowa yana iya zama sanadiyyar UV. Madubin idon yaro ya fi na babba barin wannan haske ya wuce, lahanin kuma taruwa yake yi shekara bisa shekara. Wannan ya sa maganar ta shafi ɗalibai kai tsaye.

A nan ne haɗarin baƙin gilashi maras kariya yake. Idan mutum ya sa shi, sai ya daina runtse ido, ƙofar haske kuma ta ƙara buɗewa. A ce ta tashi daga milimita 2 da rabi zuwa 4: filinta ya ninka fiye da sau biyu da rabi. In gilashin ba ya tare UV, to mai shi ya cire kariyar da aka halicce shi da ita, bai kuma maye gurbinta da komai ba. Abin da ke tare UV sinadari ne maras launi da ke cikin gilashin ko robar, shi ya sa za a iya samun farin tabarau mai cikakkiyar kariya, a kuma sami baƙi ƙirin wanda ba shi da ita. Tsada ma ba hujja ba ce, domin akwai robar da ake kira folikabonet wadda bisa yanayinta take tare kusan dukkan UV, kuma ba ta da tsada.

Ƙyalli da hasken kwance

A shekarar 1808 wani injiniyan sojan Faransa, Étienne-Louis Malus, ya kalli hasken faɗuwar rana da ke dawowa daga tagogin wata fada a birnin Paris ta cikin wani dutse mai sheƙi. Da ya juya dutsen sai ya ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa. Abin da ya gano shi ne, hasken da ya daki abu mai santsi ya dawo ya bambanta da wanda ya fito daga rana kai tsaye.

Ga bayanin. Ka ɗaure igiya a jikin bishiya ka riƙa kaɗa ta: kana iya kaɗawa sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko a karkace. Hasken rana yana ɗauke da dukkan waɗannan kaɗawa a gauraye. Amma idan ya daki shimfiɗaɗɗen abu kamar ruwa, ko jiƙaƙƙiyar kwalta, ko murfin mota, mafi yawan abin da ke dawowa mai kaɗawar hagu da dama ne. Wannan za mu kira hasken kwance. A 1815 David Brewster na ƙasar Sikotilan ya fitar da ƙa'idar kusurwar da abin ya fi cika. A kan ruwa, digiri 53 ne daga layin tsaye. Wato idan idonka yana sama da ruwa da mita ɗaya da rabi, ƙyallin da ke fitowa daga wurin da ke nisan mita 2 a gabanka hasken kwance ne zalla.

Wani Ba'amurke, Edwin Land, ya ƙirƙiro siririyar roba mai barin kaɗawa iri ɗaya kawai ta wuce, ya nemi rajistar fasaharsa a 1929, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Ana dasa wannan roba a tabarau ta yadda za ta bar hasken tsaye ya wuce ta tare na kwance. A jikin irin wannan tabarau akan rubuta kalmar Polarized. Ga masunci da direba amfaninsa a fili yake: masunci zai hango abin da ke ƙarƙashin ruwa, direba kuma zai huta da walƙiyar kwalta bayan ruwan sama.

Ga mai kallon sama kuwa, maganar tana da rassa. Shuɗin sararin sama ya samu ne saboda ƙwayoyin iska sun fi watsa gajeren zango, kamar yadda Lord Rayleigh ya bayyana a 1871, kuma wannan haske da aka watsa yana da jeri, musamman a ɓangaren da ke digiri 90 daga rana. Ƙudan zuma suna gane wannan jeri suna kama hanya da shi, kamar yadda Karl von Frisch ya nuna a 1949, masanin da ya sami kyautar Nobel a 1973. Tabarau mai tace ƙyalli yana iya duhunta wannan ɓangare na sama, farin jirgi ya fito sarai. Sai dai akwai cikas huɗu. Duhun yana canzawa idan mutum ya karkata kai ko ya juya. Yana iya kashe ɗan walƙiyar fiffike wadda ke nuna cewa jirgi ya karkata. Yana iya baƙanta allon waya ko na na'urar sarrafawa, domin yawancin irin waɗannan alluna haske mai jeri ɗaya suke fitarwa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ba ta ba matuƙa shawarar sa shi. Na huɗu, ba ya taimakawa ta fuskar rana kanta, domin hasken da ke fitowa daga can a gauraye yake.

Lokacin hunturu kuma wani abu ne daban. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta sun fi na iska girma nesa ba kusa ba, saboda haka suna watsa dukkan launuka kusan daidai. Shi ya sa sama ke yin fari fat a watannin Disamba da Janairu. Hasken hazo ba shi da jeri sosai, don haka tace ƙyalli ba ya rage shi fiye da yadda duhun gilashin kansa zai rage.

Abubuwa biyar da za a duba

1. Kariyar UV. A nemi alamar UV400, wadda ke nufin gilashin yana tare haske har zuwa nanomita 400. Wannan shi ne sharaɗi na farko. In babu shi, a ajiye tabarau komai kyansa.

2. Matakin duhu. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 12312-1 ta kasa tabarau mataki biyar bisa yawan hasken da ke wucewa. Mataki na 0 yana barin fiye da kashi 80 cikin 100. Na 1, kashi 43 zuwa 80. Na 2, kashi 18 zuwa 43. Na 3, kashi 8 zuwa 18. Na 4, kashi 3 zuwa 8. Akan buga lambar a cikin hannun tabarau. Mataki na 3 shi ya dace da ranar bazara, na 2 kuma da safiya, da la'asar, da ranar hadari. Mataki na 4 ba a yarda a yi tuƙi da shi ba. Da dare kuwa ba a tuƙi da tabarau mai duhu ko kaɗan.

3. Launi. Ruwan toka yana rage dukkan launuka daidai, don haka abu yana fitowa da kamanninsa na ainihi. Ruwan ƙasa yana rage shuɗi fiye da saura, mutane da yawa kuma sukan ga ya fi fito da abu a cikin sama. Ruwan ɗorawa mai haske ba ya rage rana yadda ya kamata. Mai jirgin da ya shafa wa saman fiffike launi ɗaya, ƙasansa wani, ya gwada ya tabbatar gilashin bai haɗe masa launukan biyu ba.

4. Siffa. Tunda hasken gefe yana da nasa lahanin, tabarau mai faɗi wanda ya lanƙwaso ya rufe gefen ido ya fi ƙarami na ado. Ya kuma fi kare ido daga ƙura.

5. Ingancin gilashi. Kada ya kasance mai karce ko mai murɗa hoto. Karce da maiƙon yatsa suna watsa haske, su ƙara matsalar da ake gudu. A wanke shi da ruwa kafin a goge, musamman da hunturu, domin goge busasshiyar ƙura da bakin riga shi ke karce shi.

Kada kuma a raina malfa. Hula mai faɗin baki tana rage kusan rabin UV da ke isa ido, tana kuma tare hasken da ke zubowa ta saman tabarau. Mai sarrafa jirgi ya tsaya rana tana bayansa: da safe ya fuskanci yamma, da la'asar ya fuskanci gabas, ya guji filin da jama'a suke. Ya kuma sani cewa tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta shardanta neman izini kafin tayar da jirgi maras matuƙi.

Abin da tabarau ba zai yi ba

Babu tabarau na rana, ko na mataki na 4 ne, da ya halatta a kalli rana da shi. Madubin ido yana tattara haskenta a kan cibiyar gani, retina kuma ba ta da jijiyar jin zafi, saboda haka mutum ba zai ankara ba sai bayan ɓarna ta auku, wani lokaci kuma tabon ba ya gushewa. An fi samun wannan lokacin husufin rana, irin wanda ya ratsa arewa maso yammacin Nijeriya da kudancin Nijar ran 29 ga Maris, 2006. Gilashin kallon husufi yana da tasa ƙa'idar, ISO 12312-2, ya kuma fi tabarau duhu sau dubbai. Haka nan tabarau ba ya maye gurbin garkuwar walda. Kwalli ma ba kariya ba ne daga UV, ga shi kuma an sami dalma a cikin ire-irensa da dama.

Wanda ya ga tsoka tana hawa baƙin idonsa, ko ganinsa yana dushewa, ko tabo ya ƙi washewa, ya garzaya asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Gwaje-gwaje domin aji

Gani ya kori ji. Malami yana iya gudanar da waɗannan ba tare da ɗakin gwaji ba.

Na ɗaya: ɗalibai su zauna bibbiyu a inuwa. Ɗaya ya rufe idanunsa da tafin hannu na daƙiƙa 30, sannan ya buɗe, ɗayan ya lura da yadda ƙofar haske ke tsukewa.

Na biyu: a riƙe tabarau a gaban allon waya ko na kwamfuta a juya shi a hankali. Idan allon ya yi duhu a wata kusurwa, gilashin mai tace ƙyalli ne. A maimaita a kan ruwan da aka cika faranti da shi a fili, ana tsaye daga ɗan nesa.

Na uku: a miƙa hannu da tabarau, a rufe ido ɗaya, a kalli miƙaƙƙen layi kamar gefen ƙofa, a motsa gilashin sama da ƙasa. Idan layin yana lanƙwashewa kamar maciji, gilashin ba shi da inganci.

Na huɗu: a cikin ɗaki mai duhu, a haska takardar Naira da tocilan UV irin wanda ake gane jabun kuɗi da shi, a ga alamomin da ke ƙyalli. Sannan a sa tabarau tsakanin tocilan da takardar. Idan alamomin sun ci gaba da ƙyalli, gilashin yana barin UV ya wuce. Wannan gwaji na kimantawa ne kawai, cikakken awo sai da na'urar masu haɗa tabarau. Kada a haska tocilan a idon kowa.

Kammalawa

Mun ga cewa matsalar haske kashi biyu ce: wanda ke hana gani nan take, da wanda ba a gani amma yake cin ido a hankali. Duhun gilashi da tace ƙyalli suna maganin na farko, alamar UV400 da faɗin tabarau da malfa suna maganin na biyu. Mai saye ya fara da na biyun, domin shi ne ido ba zai faɗa masa ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyin bita

1. Idan ƙofar haske ta buɗe daga milimita 3 zuwa 6, sau nawa filinta ya ninka?
2. Me ya sa tabarau mai tace ƙyalli ya fi amfani ga masunci fiye da mai kallon sama a lokacin hazo?
3. Direba zai tashi daga Gwaram zuwa Birnin Kudu da ƙarfe 5 na yamma. Ta ina rana za ta kasance, kuma wane mataki na tabarau ne bai halatta ya sa ba?
4. Kafa sanda a tsaye a filin makaranta, ka auna inuwarta da tsakar rana sau ɗaya a mako daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. A wane mako ta fi gajarta, kuma me wannan ke nunawa game da ƙarfin UV?